Shafi na Ashirin da Uku

Alhamis, 4 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ba zan rubuta lambar a nan ba. Ko wannan rubutun da nake yi ma laifi ne, ɗaurin shekara biyu zuwa takwas, kuma da ni aka ɗaga hannu ranar da aka zartar da dokar. Amma in ban amayar da abin nan ba kaina zai fashe, kuma duk faɗin Sofiya babu wanda na yarda da shi sai wannan tsohon littafin makin ɗalibai da ya biyo ni daga makaranta.

Mu bakwai ne a kwamitin da Majalisa ta ɗora wa sa ido a kan Hukumar leƙen asiri. Sa ido! Su ke ba mu izinin shiga, su ke zaɓar abin da za mu karanta, mabuɗin ɗakin karatun ma a aljihunsu yake. Za ka ajiye jaka da alƙalami a ƙofa, Goggo Ginka mai ajiyar takardu ta miƙo maka fensir da littafinka. Shafi sittin, kowanne da lambarsa, an huda shi da basilla wuri biyu, an zura zare, an danne bakin zaren da jan kaki a shafin ƙarshe. Duk abin da ka kwafa a ciki yake kwana, a wurinsu. Abin da ka fita da shi a ka kuwa ba shaida ba ne, doka ta ce a zaman kwamiti littafin kaɗai ake saurara.

Yau a fayil ɗin shekara na ci karo da takarda ta 417. Wayoyi goma sha takwas da ake saurare ba tare da izinin alƙali ba. Babu suna ko ɗaya, lambobi ne zalla. Ta goma sha ɗaya na san ta. Na kwafe su duka a shafi na ashirin da uku.

Ranar 31 ga wata za mu sa hannu a rahoton shekara. Akwai layi ɗaya a ciki da ya ce ba a taɓa sauraren wayar wani ɗan Majalisa ba. Ana son hannu bakwai a ƙarƙashinsa, har da nawa.

Alhamis ɗin dai, bakwai da kwata

Mijina Lacho ya kira daga gida, kamar kullum, bakwai daidai. Shekara talatin da ɗaya da aure, mutumin nan bai taɓa makara ba. Na ce, "Lacho, yau na gaji, wani abu na gani a wurin aiki."

Ya ce, "Ke Neve, bar maganar aikin nan, ji wannan. Kin san tsohuwar tuffar bayan rumbu? Ɓawonta ya tsage."

Minti goma sha biyu a kan ɓawon itace. Na zauna ina kallon zaren Maris ja da fari, wanda ake sawa har a ga shamuwar farko, da ya ɗaura mini a hannu ranar Litinin a tashar Kyustendil, garinmu, ina cewa "to", "ayya", "to".

Juma'a, 5 ga Maris, tsakar rana

Ban tafi gida ba wannan makon. Na ce masa mura nake yi.

Litinin, 8 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ranar mata. Kowace mace a Majalisa ta samu fure, ni nawa daga Kanar Zlatev ya zo, mataimakin shugaban Hukumar, har da kati: "Ga malamarmu mai kaifin ido." Cewa ake Hukumar ta farar hula ce yanzu, abin da ake nufi shi ne Kanar ya cire kaki ya sa kwat. Me ya sa kaifin ido? Bara cewa ya yi "mai ƙwazo". Na ajiye na baran, na duba.

Na tsayar da Varbanov, shugaban kwamitinmu, a kan matakala. Jam'iyyarmu ɗaya, tare muka sha sanyi a dandali lokacin da ake korar tsohuwar gwamnati, ni na ara masa safar hannu. Na ce ina so a sa takarda ta 417 a ajandar zama mai zuwa.

Ya ce, "Wace ce kuma 417?"

Na ce, "Ba a nan zan faɗa maka ba."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Malama Nevyana, ke har yanzu gani kike kowa ya shigo jarrabawa da takarda a safa. To, na ji, za a sa."

Bai sake tambaya ba. Mutum a ce masa akwai takardar da ba a faɗa a matakala, kuma ko gira bai ɗaga ba.

Laraba, 10 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Shafi na ashirin da uku fari ne fat.

Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa. Na ashirin da biyu yana nan da rubutuna, har inda fensir ya karye. Na ashirin da uku yana nan da lambarsa a kusurwa, babu ko ɗigo. Na ɗaga shi ga fitila ko zan ga sawun gogewa, babu. Na ƙirga shafukan sau biyu, sittin cif. Zare a ɗaure, kaki a manne.

Na nemi fayil ɗin. Takarda ta 417 yanzu maganar gyaran bututun ɗumama ofis take yi.

Goggo Ginka tana zaune a teburinta tana saƙa safa. Ta kai shekara sittin, ta yi wa gwamnati huɗu aiki a kan kujerar nan ɗaya, fuskarta kamar bango. Na ce, "Goggo, wa ya taɓa littafina?"

Ta ce, "Littafinki a ɗaure yake, Malama. Duba da kanki."

"Na yi rubutu a shafin nan ranar Alhamis."

"Ni dai ba na karanta abin da kuke rubutawa. Ba a ba ni izini ba."

Ko allurar ba ta ajiye ba. Da na miƙa mata littafin sai ta ɗan riƙe shi ba ta karɓa gaba ɗaya ba, kamar tana jiran in ce wani abu. Ko kuwa ni ce na fara ganin abin da babu.

Alhamis, 11 ga Maris, da safe

Shekara ashirin da shida ina koyar da kimiyya, ina gaya wa yara abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Yau na tashi ina tambayar kaina ko na rubuta ɗin. Na rubuta. Na tuna har yadda na ja layi ƙarƙashin ta goma sha ɗaya, na kuma yi nadamar jan layin.

Wani tunanin ya fi wannan muni. Mutanen nan ba sa mantuwa da takarda a fayil. To in da gangan aka bar mini ita in gani fa?

Asabar, 13 ga Maris, bayan abincin rana, a gida

Na zo Kyustendil. Lacho ya tarye ni a tasha da banitsa, gurasar nan mai cuku, da zafinta a takarda, ya karɓi jakata, ya ce na rame. Shi ne ya rame, wuyan rigarsa har lilo yake.

Wayar tana nan inda take tun shekarar da aka haifi 'yarmu, kan ƙaramin tebur a bakin ƙofa, bisa ɗan kyallen da mahaifiyarsa ta saƙa. Shekara tara muka jira kafin a ba mu layin. Da sunansa aka ba mu, don lokacin shi ke aiki a gidan waya. Na tsaya ina kallonta da tsumman shara a hannu, ban san ya shigo ba.

Ya ce, "Me ta yi miki?"

Na ce, "Ƙura ce a kanta."

"Na goge ta jiya."

"To ba ka goge da kyau ba."

Ya ɗauki almakashin yanke rassa ya fita lambu. Ina hango shi ta taga. Rabin awa yana tsaye gaban tuffa ɗaya bai yanke reshe ko guda ba. Na je na duba ta bayan rumbun da ya ce ɓawonta ya tsage. Lafiyarta ƙalau. Wataƙila wata yake nufi.

Lahadi, 14 ga Maris, a cikin bas

Wata ce yake nufi. Tsufa ne. Na bar maganar.

Talata, 16 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Remzi ya ja ni yawo a lambun bayan Majalisa, wai likita ya ce ya riƙa tafiya. Shi kaɗai ne daga 'yar ƙaramar jam'iyyarsu a kwamiti, lauya ne, ya girmi ƙanena da kaɗan amma Yaya yake ce mini. Lissafin kwamiti ba wuya: mu huɗu na gwamnati, biyu na adawa, sai shi. Kafin a tilasta wa Hukumar ta kawo asalin takarda sai an samu ƙuri'a huɗu.

Ya ce, "Yaya, kin yi kwana goma kina tafiya kamar wadda ta haɗiye cokali. Mene ne?"

Ban ba shi lamba ba, ban ba shi suna ba. Na ce a ce mutum ya ga wayoyi ana saurare babu alƙali.

Ya ce, "Tsohuwar dabara ce. Sashe na goma sha tara. In mai wayar ya sa hannu da kansa, ba a buƙatar alƙali. Ɗan Majalisa ba a taɓa wayarsa, haka ne. Amma wayar gidansa da sunan wa take? Matarsa, surukinsa, tsohuwarsa. Sai a je a sha kofi da mai sunan."

Na ce, "In kuma mai sunan bai sa hannu ba fa? Ai suna iya ƙirƙira."

Ya tsaya ya dube ni. "Mutanen nan za su iya ɓatar da mutum, Yaya, amma ba sa ƙirƙirar sa hannu. Ba sa buƙata. Samu suke yi."

Na ce sanyi ya yi yawa, mu koma. A hanya ina ta tunanin yadda sashe na goma sha tara ya zo masa baki nan take, kamar an ce masa ya shirya. Wa ya turo shi? Likita ne ya ce ya yi tafiya, ko Kanar?

Laraba, 17 ga Maris, bakwai da minti ashirin

Maganar tsutsar tuffa Lacho ya kawo yau a waya. Da yadda ake shafa wa gindin itace farar ƙasa. Na fara cewa "gobe a kwamiti", ya yi tari mai ƙarfi ya ce kare ya shiga lambun maƙwabta.

Alhamis, 18 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na yi abin kunya a zama, kuma ni na jawo wa kaina.

Na tashi na ce na ga jerin wayoyi a takarda ta 417. Varbanov ya ce a kawo littafina, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Aka kawo. Aka zagaya da shi hannu zuwa hannu, mutum shida suna kallon farin shafi. Ɗaya daga cikin 'yan adawa ya ce, "Wataƙila da tawadar sirri ta rubuta, ai malamar kimiyya ce." Aka kwashe da dariya.

Kanar Zlatev bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Murya ƙasa ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗakin nan babu iska, fitilar kuma tana gajiyar da ido. Ni kaina na taɓa rantsewa na ga abin da babu. Ba abin kunya ba ne a shekarunmu." Sannan ya zuba mini ruwa a kofi da hannunsa.

Na sha ruwan. Wannan ne ya fi ci mini rai, da na sha.

Remzi yana ta zane a gefen takarda.

Juma'a, 19 ga Maris

Mura kuma. Lacho ya ce in sha shayin linden da zuma.

Litinin, 22 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Abu biyu a rana ɗaya, kuma wai in yarda tsautsayi ne. Da safe wasiƙa daga Hukumar: lokacin sabunta izinina na ganin sirri ya yi, za a sake bincike a kaina "da iyalina". Izinin da sai baɗi zai ƙare. Wanda nake sa wa ido shi zai yanke ko idona ya cancanta.

Da rana Varbanov ya kira ni ofis, ya sa aka kawo kofi da alewa. Ya ce kwamitin ilimi na neman mataimakiyar shugaba, wa ya fi ni? "Can ne gidanki, Malama. Yara, littattafai. Ki sa hannu ranar 31, mu rabu lafiya, ki huta da ɗakin nan mai warin ƙasa."

Na ce, "Shugaba, ka tuna abin da muke ihu a dandali?"

Ya ce, "Na tuna. Na kuma tuna cewa ƙasashen Yamma suna jiran rahoton nan su ga mun gyaru. Kina so ki nuna musu muna sauraren junanmu, a kan farin shafi?"

Ban ce masa komai a kan waye ke sauraren wa ba. Ban ce "junanmu" ba, ko a zama ban ce wayoyin na 'yan Majalisa ba ne. Shi ya faɗa.

Laraba, 24 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na koma ɗakin ba don komai ba sai taurin kai. Na zauna gaban littafin ban buɗe ba. Mu biyu ne kawai, ni da Goggo Ginka da ƙarar allurarta.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, Malama. An ce na tsufa."

Na ce Allah ya ba da hutu mai albarka, da ɗan sanyi a muryata.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu. Littafi dubu nawa na ɗinke, ban sani ba. Sau ɗaya mai duba aiki bai taɓa kama ni da kuskure ba. Ƙa'ida ta ce duk wanda ya zura zare ya buga kaki, ya sa hannu, ya rubuta ranar da ya yi. Ranar da ya yi, ba wata rana ba. Haka aka koya mini, haka nake yi. Wanda ya ce in ɗinke, in ɗinke. Amma ban taɓa rubuta kwanan wata na ƙarya ba."

Na ɗauka kurin tsofaffi ne. Har na tashi zan miƙa mata littafin, sai na juya shafin ƙarshe. Sau nawa na duba kakin nan, na duba zaren, ban taɓa karanta ɗan rubutun da ke ƙasa ba, don wa ke karanta shi? "Wannan littafi yana da shafi sittin, an huda, an ɗaure, an buga hatimi." Sa hannunta. Sannan: 9 ga Maris.

Littattafanmu bakwai rana ɗaya aka ba mu su, 11 ga Janairu. Rubutuna na shafin farko ma da wannan ranar ya fara. Littafin da aka ɗinke ranar 9 ga Maris yana ɗauke da rubutun Janairu.

Na ɗago. Tana ƙirga idon saƙarta.

Alhamis, 25 ga Maris, da safe

Ban haukace ba. Na rubuta wannan sau uku a gefen shafi kamar yarinyar da aka ba horo.

Amma me ya sa ta gaya mini? Haushin kora ne? Tausayi? Ko dai ita ma an ce mata ta faɗa, don in ruga da gudu in faɗa wani ramin? Ko kuwa ba ta gaya mini komai ba, alfahari kawai take da aikinta, ni na tsinci abin? Na juya shi ta kowane gefe, kowanne ya zauna daidai.

'Yan adawa biyun za su bi ni, ba don gaskiya ba, don gwamnati ta ji kunya. Rabin 'yan jam'iyyarsu ma su suka gina Hukumar. Saura Remzi. Na same shi a layin abinci na ce masa ranar 31 ya karanta shafin ƙarshe na littafina, ya gwada da nasa. Ya ce, "Miyar waken yau ta yi gishiri," ya wuce da tirensa.

Asabar, 27 ga Maris

Ban je gida ba. Wannan karon ban ma ce mura ba, Lacho ma bai tambaya ba.

Litinin, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Kanar ya san komai. Ko Remzi ne, ko Goggo, ko bangon ɗakin, oho.

A farfajiya ya tare ni, ya cire hula. "Ranki ya daɗe, na ji an samu ɗan kuskure wajen ɗinkin littafinki. Ma'aikaciyar ta tsufa, za mu duba lamarinta. In kwamiti ya nemi asalin takardar da kike magana, za mu kawo, mu masu bin doka ne. Sai dai ki sani, ba ita kaɗai take zuwa ba. Kowace lamba da takardar yardarta a manne, da suna, da sa hannu. Kuma duk abin da aka kawo sai an karanta shi a kundin zama. Kundin nan shekara ɗari yake ajiye." Ya mayar da hularsa. "Wasu mutanen kirki ne, dattawa. Don ƙauna suka yi. Ni dai tausayinsu nake ji."

Na ce, "Na gode da furen."

Na shiga banɗakin mata na kulle ƙofa. Ba zan rubuta abin da na yi a ciki ba.

In na yi shiru, gidaje goma sha bakwai za su ci gaba da magana da baƙo a cikin wayarsu, ni kuma in tafi kwamitin ilimi da hannuna a ƙarƙashin ƙarya. In na yi magana, za a karanta suna ɗaya a gaban Varbanov da 'yan adawa masu bakin tsiya, kafin magariba ya kai Kyustendil, garin da kowa ya san kowa, inda yake zuwa shan kofi da tsofaffin abokan aikinsa kowace Lahadi.

Talata, 30 ga Maris, bakwai da rabi

Ya kira. Ya fara da cewa an ga shamuwa a kan hasumiyar coci, in duba sama ni ma in cire zaren hannuna.

Na ce, "Lacho, saurara. Gobe zan nemi a kawo wata takarda. Za a karanta sunaye."

Na jira tari. Na jira kare, na jira tsutsa. Babu. Ina jin numfashinsa, ina jin agogon bangon gidanmu, ina jin wani ɗan sauti siriri a layin wanda wataƙila tun da can yana nan.

Ya ce, "Duka sunayen?"

Na ce, "Duka."

Sannan ya ce, "Ki nema, Neve." Ya ajiye.

Laraba, 31 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Huɗu da uku. Remzi ne ya fara ɗaga hannu, tun kafin ni. Ya ajiye littafinsa kusa da nawa, ya karanta ranakun biyu da ƙarfi, ya ce, "Shugaba, ko dai Malama ta iya rubutu a littafin da ba a ɗinka ba tukuna, ko kuma wani ya kwance shi." Mako biyu ina zarginsa. Ban ba shi haƙuri ba, ban san yadda ake ba da haƙurin abin da mutum bai san an yi masa ba.

An kawo takardar cikin awa ɗaya, wato tana nan kusa duk tsawon lokacin. Sakatare ya karanta. Matar wani alƙali. Mahaifin wata 'yar jarida. Ta shida surukar Varbanov ce, na ga jini ya bar fuskarsa, ashe shi ma bai san iyakar abin da yake karewa ba. Da aka zo ta goma sha ɗaya na kafa idona a kan tebur. Suna, sunan uba, sunan gida. 14 ga Oktoba. An zagayo da takardar. Yadda Lacho yake lanƙwasa harafin farko kamar ƙugiya, haka yake a takardar aurenmu.

Babu wanda ya yi dariya yau. Babu wanda ya sa hannu a rahoton. Za a kai maganar zauren Majalisa bayan Ista, abin da za a yi da ita can kuma ban sani ba, na ga manyan maganganu sun shiga zauren nan sun fito ƙanana. Da na sauka ɗakin karatu in mayar da littafin, wata baƙuwar mata ce a teburin. Kwandon saƙar ma babu.

Bakwai ta yi, ta wuce. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Oktoba. Na koma baya a raina. Kafin Oktoba, in ya kira, shi ke tambaya: wa ya ce me, wa ya ci amanar wa, har in gaji. A Oktoba aka fara maganar itatuwa.

Asabar, 3 ga Afrilu, da yamma, a gida

Lacho bai zo tasha ba. Na taka da ƙafa.

Yana zaune a kicin da rigar zuwa coci. Wayar tana kan teburin abinci a gabansa, an datse igiyarta, almakashin rassa a gefe. A bakin ƙofa ga tsohuwar jakarsa a ɗaure da bel. Ya ce ƙanwarsa ta ce akwai ɗaki, in ina so.

Ya fara bayani. Wai mutum biyu ne suka zo, suka nuna masa wasiƙun barazana da aka ce an aiko a kaina, suka kuma ambaci wani abu na shekarar 1978 da bai ƙarasa ba. Na ɗaga hannu ya tsaya. Ba yau ba. Ban ma san ko zan yarda da abin da zai faɗa ba, kuma na gaji da auna maganar mutane.

Abu ɗaya na tambaya. "Wata shida kana cika mini kunne da tuffa. Don kada in faɗi abin da za su kama ni da shi ne, ko don kai kada ka ji?"

Ya dubi hannuwansa. "Neve, ni ma'aikacin waya ne. Duk abin da na sani game da itace ya ƙare tun makon farko. Sauran, kowace rana da la'asar nake zama in ƙirƙiro abin da zai kai minti goma."

Na cire zaren hannuna, don na ga shamuwar daga cikin bas. Ban fita na ɗaura shi a reshe kamar yadda al'ada ta ce ba, yana nan kan tebur kusa da guntun igiyar wayar. Jakar ma tana bakin ƙofa. Ban ce ya ɗauka ba, ban ce ya kwance ta ba.

Agogo ya buga bakwai muna zaune, babu mai saurarenmu a karon farko tun Oktoba, kuma daga ni har shi babu wanda ya san abin da zai ce.